Ƙafar Arzika da Kazar Jimrau

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Hawwa'u 'yar Malam Zakariya'u, a Birnin Lalle, zuwa ga maigidana Malam Na'Allah, a Damagaram. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina tambayar lafiyarka da ta abokan tafiyarka, da yadda ka sami kasuwar fatu. Ina fatan ciwon bayan nan bai tashi a hanya ba. Mu nan gero yana rumbu, awaki suna turke, mun gode Allah.

Bayan haka, ɗanka ya karye.

Ranar Talata da hantsi yana rijiyar kwarin Tarka yana shayar da shanunmu. Takarkari ya jawo wasaki, babban gugan nan na fata, har ya kusa baki, sai wani raƙumi ya yi kuka a bayansa, ya firgita ya zabura. Igiya ta naɗe ƙafar ɗanka ta hagu, ta fizge shi ta buga a kan komin da shanu ke shan ruwa. Mutum huɗu da ke wurin sun gaya mini, kowa daban, cewa sun ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Wanka, Yaya Abarci, ba ya wurin, amma shi ya fi kowa sanin abin da ya faru.

Da aka kawo shi kan jaki, Abarci ya tare su a zaure, ya dubi ƙafar daga tsaye, ya ce targaɗe ne. Ya sa aka kawo man shanu, ƙarti biyu suka danne majinyacin, shi kuma ya kama ƙafar yana ja yana murzawa. Ina bayan danga ina ji. Da ya gama ya ce a tsayar da shi ya taka, wai in bai taka ba jijiya za ta sanƙare. Ya taka, ya faɗi sumamme. Abarci ya wanke hannu yana cewa samarin yanzu ba su da jimiri.

Ka san ɗan fari ne. Shekara ashirin da uku ban kira sunansa ba, ban zamna inda yake ba, ban tambaye shi ko ya ci ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai ranar Talata. Na wuni a bakin turmi ina daka geron da ya riga ya zama gari. Ranar Laraba ma ban shiga ba, ina aika matarsa Dela ta dubo mini. Yarinyar kirki ce, amma in ta shiga kuka take yi, in ta fito kuka take kawo mini. Yau Alhamis da safe na jingine taɓarya na shiga ɗakin da ƙafata. Matan gida suka bi ni da ido kamar na fito ba zane.

Ga abin da na gani, na rubuta maka dalla-dalla don kada wani ya ba ka labari dabam. Targaɗe a gaɓa yake zama, a idon sawu ko a gwiwa. Na taɓa idon sawunsa, ko gezau bai yi ba. Kumburin a tsakiyar ƙwauri yake, inda babu gaɓa. Na bi ƙashin da yatsa daga gwiwa, a hankali kamar mai bin saɗara a allo, har na zo inda ya yi tudu ya kauce. Nan ya damƙe hannuna ya cije leɓe. Na jera ƙafafun biyu, ta hagu ta gaza ta dama tsawo, tafin kuma ya kwanta waje kamar ba nasa ba. In ya motsa kaɗan ana jin ƙashi yana gogar ƙashi. Fatar ba ta fashe ba, wannan na gode wa Allah a kai. Malam, duk tsohuwar da ta taɓa gyara ƙafar akuya a tukunya ta san wannan. Shi ne wanka ya murza da man shanu.

Na fita na same shi a zaure. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na durƙusa yadda aka saba, na ce, "Yaya, karaya ce. A aika Kornaka a kira maɗori." Ya tambaye ni tun yaushe mata suka fara ba da fatawa a kan ƙashi. Na ce tun da maza suka fara sa mai karaya ya taka. Ya juya mini ƙeya. Sai da liman ya shigo ya duba, ya maimaita abin da na faɗa kalma da kalma, sannan maganar ta zama magana. An tura mai doki ya kira Jimrau maɗori.

Kafin ya iso na tare ƙafar da matasai hagu da dama don kada ta motsa, na hana kowa taɓawa, na zamna a bakin ƙofa. Masu son su yi gulmar uwar da ba ta da kunya sai su yi, ai ga ni a fili.

Intalla mai raƙuma zai tashi gobe, shi zai kawo maka wannan. Takardar daga bayan littafin mahaifina na yanko ta, ka san ba zan yi haka don ƙaramin abu ba. Kai ka bar gidanka a hannun wanka, kai ya kamata ka zo ka ga yadda ya riƙe shi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Hawwa'u.

*

Da sunan Allah.

Daga Hawwa'u zuwa ga Malam Na'Allah. Gaisuwa da yarda da aminci. Yaya gajiya, yaya baƙunta? Ina fatan takardata ta fari ta same ka lafiya. Wannan za ta zo tare da saƙon wanka, ayari ɗaya zai ɗauko su. Ka karanta tawa har ƙarshe kafin ka saurari nasa.

Jimrau ya iso ranar Juma'a da la'asar, da rawani kamar na mai zuwa naɗi, da layu har gwiwar hannu. Ya kwana, Asabar da safe ya yi aiki. Ba zan zalunce shi ba, hannunsa ya san ƙashi. Ya sa aka riƙe cinya, ya ja diddige a hankali har ƙafar ta miƙe ta yi daidai da 'yar'uwarta. Da a nan ya tsaya da na yi masa addu'a har in mutu. Sai ya fiddo kara bakwai da aka saƙa da igiya, ya naɗa su kan fata tsirara, ya kawo igiyar rama ya shiga ɗauri. Ya taka bango da ƙafa yana ja har zufa ta keto masa. Ko damin gero da za a kai Agadas ba a yi masa wannan ɗaurin.

Da ya gama ya ce a kamo masa kaza. Aka kamo wake-waken nan tawa mai ƙwai. Ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗora da tsinke, ya ɗaure ta a bakin ɗaki. Ya ce a riƙa dubanta, yadda ta yi haka ƙafar mutum za ta yi. Ya ce kada mahaluƙi ya taɓa ɗaurinsa sai ya dawo bayan kwana bakwai, duk wanda ya kwance, to, shi ya cire hannunsa, abin da ya biyo baya yana wuyan mai kwancewa. Sannan ya hau doki ya nufi Korahane, wai wani ya faɗo daga raƙumi.

Kafin la'asar ɗanka ya ce zafin ya fi na ranar da ya karye, kamar an sa ƙafar a murhu. Tsofaffi suka ce ƙashi ne yake kamawa. Na so in yarda, na yarda. Lahadi da safe yatsun sun kumbura sun yi sumul, sanyi kamar gindin randa. Farcen ya koma launin toka. A bakin ɗaurin fata ta yi bororo. Ya ce da farko kamar tururuwa ke bin tafin, yanzu kuwa ba ya jin komai. Na ɗauko ƙaya na soki babban yatsa, yana kallon rufin ɗaki, bai san na yi ba.

Na je na gaya wa wanka. Ya tashi da sauri, har na ce yau Allah Ya taɓa zuciyarsa. Ya zo bakin ɗaki ya tsuguna ya duba kaza. Kaza tana tsattsagar dussa. Ya kira liman, ya kira maƙwabta, dattawa biyar da gemu suka kewaye kaza suna yaba yadda take ɗaga kai. Babu wanda ya sunkuya ya shiga ɗakin. Malam, na karanta babin shafa a kan ɗori wajen alwala tun ina da shekara goma sha biyu, a gaban mahaifina. Malamai sun yi bayanin karan ɗori da tsumman da ke kansa, sun ce inda akwai cuta a sassauta. Ban ga inda suka ambaci kaza ba. In kai ka gani a Damagaram ka kwafo mini.

Na roƙi a bi Jimrau a Korahane. Wanka ya ce ba a kiran maɗori kafin ranarsa, raini ne. Ko da an bi shi ma, zuwa da dawowa kwana biyu ne.

Da hantsi Umma ta shigo da nono, Bafillatanar nan da ke rugar gabas. Na ja ta cikin ɗaki. Ta gwada sa yatsa ƙarƙashin ɗaurin, ko farce bai shiga ba. Ta danna farcen ƙafar ta saki, jini bai dawo ba. Ta ce ta ɗora maruƙa sun fi ashirin, sau ɗaya ta taɓa ɗaurewa haka tana yarinya, kofaton ya fita a hannunta. Ta ce in maraƙinta ne ba za ta bari rana ta yi tsaka ba. Amma ita ba za ta taɓa igiyar Jimrau ba, a garin nan take sayar da nono. Ban ga laifinta ba.

Na shiga ɗakinka na ɗauko wuƙar da kake fiƙe alƙalami da ita. Ban ɓoye ba, a hannu na riƙo ta na ratsa tsakar gida. Wanka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In kika yanke, ƙafar nan tana wuyanki har gaban Allah." Na ce na ɗauka. Na durƙusa gaban gadon, sai hannuna ya ƙi. Ɗanka ya ɗago kai ya ce, "Yanke, Inna." Tun da na haife shi bai taɓa roƙona komai ba. Na ce, "Arzika, riƙe gado." Ga shi na faɗa, ga shi kuma na rubuta. Arzika.

Umma ta kama diddige ta riƙe shi a miƙe don kada ƙashin ya goce, ni kuma na bi igiyar ɗaya bayan ɗaya. Da karan ya buɗe, ga sawunsa a nama kamar yadda igiya ke cin itacen bakin rijiya. Can jini ya fara sauka, Arzika ya yi ihun da ya fi na ranar man shanu. Dela ta zube. Umma ta yi dariya, ta ce ƙafar da ke ihu ba ta mutu ba. Kafin azahar manyan yatsu uku sun yi ɗumi. Ƙananan biyu ba su yi ba, har yanzu da nake rubutu.

Mun sake ɗori. Audugar da na gurje don kaɗi na shimfiɗa ta zagaye ƙafar, muka jera kara daga saman gwiwa har diddige, na yayyaga zanena muka ɗaure wuri huɗu, biyu sama da karayar, biyu ƙasa, ko ɗaya bai hau kanta ba. Kowane ƙulli yatsana yana shiga ƙarƙashinsa. Mun bar yatsu a waje, mun ɗora ƙafar kan taikin gero ta fi ƙirjinsa tudu. Bayan kowace salla ina danna farce in ga dawowar jini, in tambaye shi wane yatsa na taɓa.

Labari ya iske Jimrau, ranar Laraba ya dawo. Bai shiga ɗaki ba shi ma. A zaure ya tsaya ya shaida wa jama'a ya cire hannunsa, ya kwance kazata ya rataya a sirdi ya tafi. Matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurina tara ne, jiya biyu suka zo. A bakin rijiya ana cewa 'yar malam ta kashe ƙafar ɗanta da taurin kai.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In ƙafar ta ruɓe babu wanda zai tuna igiyar rama. Ka yi mana addu'a, kai da malaman da ke nan. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Hawwa'u.

*

Da sunan Allah.

Daga Hawwa'u zuwa ga Malam Na'Allah. Gaisuwa irin wadda ta wajaba. Ina fatan kana lafiya, kai da masu masaukinka. Na ji fatu sun ƙi tafiya, za ka jira ayarin kaka. Allah Ya sa haka ya fi alheri. Nan an yi ruwan shuka sau biyu, gero ya tsiro.

Takardarka ta iso, na karanta sau uku ko zan sami inda ka tambayi yadda ƙafar take. Na sami gaisuwa ga liman. Na sami tambayar takarkari, ko ya ji rauni. Lafiyarsa lau, yana gaishe ka. Sauran duk umarni ne: in je in durƙusa gaban wanka, in aika wa Jimrau da rago ya mai da hannunsa, domin mace ba ta kwance abin da maza suka ɗaure, kuma gidanmu bai taɓa jin kunya irin wannan ba. Rubutunka ya yi kyau ƙwarai. Na ga ka sami sabuwar wuƙar fiƙe alƙalami.

Tun da ba ka tambaya ba, bari in gaya maka. Ƙananan yatsun biyu ba su dawo ba. Sun yi baƙi, sun bushe kamar tsohuwar tsamiya. Kullum ina wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, in shafa zuma, in sunkuya in shinshina ko wari ya fara, in duba ko baƙin yana hawa sama. Bai hau ba. Zazzaɓi ya kama shi kwana biyu, a kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba, sannan ya sake shi. Ranar kwana ashirin da uku ina warware tsumma, sai yatsa ɗaya ya biyo tsumman. Ɗayan ya bi bayansa da kwana huɗu. Na naɗe su a farin ƙyalle na binne bayan rumbu. Ban kira kowa ba.

Na yi ta lissafin abin a raina har na gaji. Igiyar ta Jimrau ce, ƙin aikawa na wanka ne. Amma tun la'asar ɗin Asabar Arzika ya faɗi abin da yake ji, ni kuwa na tsaya sauraren tsofaffi har wata rana ta fito. Kafin nan ma na yi kwana biyu a bakin turmi ina kunya. Ban sani ba ko da na yanke tun Asabar yatsun za su tsaya. Wannan tambayar tawa ce, ni zan kwana da ita in tashi da ita. Haƙurin da ke kaina ga mutum ɗaya yake, na kuwa ba shi. Ya ce in daina, yana jin nauyi.

Ranar arba'in na shafa ƙwaurin na ji ƙashin ya yi ƙulli mai tauri a wurin karayar, na danna bai ji zafi ba. Ya so ya tashi, da ya ji ƙamshin ruwan farko har kuka ya yi don gonarsa. Na hana. Umma ta ce maraƙi ma ba a sakinsa da wuri, balle mai ƙafa biyu. Ni da Dela muka shuka gonar, ita tana sara ni ina zuba iri. Nono kuwa kullum Umma na kawo masa ƙwarya guda, ta ƙi karɓar ko zangarniya.

Jiya, kwana tamanin cif, muka cire kara. Ƙafar ta rame ta zama kamar taɓaryar yara, amma a miƙe take, tsawonta ɗaya da ta dama. Ya dafa sanda, ya dafa kafaɗata, ya sa tafin a ƙasa. Ta ɗauke shi. Ya saki kafaɗata ya tafi shi kaɗai, yana ɗingishi, daga bakin ɗaki har zaure. Ina bayansa da hannu a buɗe, bai bukace ni ba.

Wanka yana zaure da dattawansa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ga liman ya ce, "Kun ga albarkar hannun Jimrau. Kwana ɗaya kawai ɗaurinsa ya yi a jiki." Suka ce ƙwarai kuwa. Har an fara maganar a aika Kornaka da goron godiya. Na tsaya a bayan danga, inda na tsaya ranar Talatar nan, na riƙe bakina da hannu biyu don darajarka. Iyakar durƙuson da zan yi ke nan. Rago kuwa yana nan, in ka dawo ka ja shi da hannunka ka kai.

Abu ɗaya nake so daga Damagaram. Tsohon takalminsa ba ya zama a ƙafar, ƙaya kuma ta yi yawa a gona, gefen da yatsun suka fita fatarsa sabuwa ce. An ce dukawan nan sun iya aiki. Ka sa a ɗinka masa mai rufaffen baki, mai laushi daga ciki. Na dama irin na kowa ne. Na hagu kuwa, na sa ya taka bayan takardar nan na zagaye tafin da tawada. Ka juya ka gani, ka kai wa baduku haka. In ya ƙirga ya tambaye ka yadda aka yi, ka ba shi labarin da ka ga ya fi maka daɗin faɗa.

Dela tana gaishe ka. Arzika yana gaishe ka. Allah Ya tsare ka inda kake.

Hawwa'u 'yar Malam Zakariya'u.